Kalmasar Mayafin Inna Hafsatu

Sabo, Shagamu
3 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Nusaiba da yara, da Hajiyarku. Mu ma nan lafiya, na gama wankan jego, jaririya ta fara riƙe wuya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Ka yi haƙuri da rubutuna, bahaguwa ce ni, layina ba ya tafiya daidai. Na zaɓi takarda ne domin duk sanda na kira ka a waya kuka ke ƙwace maganar, mu rabu ban faɗi abin da na kira dominsa ba. Lawan direba, mai kai goro Kaduna, ya ce ya san shagonka na hoto a Unguwar Shanu, shi zai miƙa maka.

Ni da kai ba mu san juna da girma ba. Abin da na sani shi ne kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma a gidanku na Badarawa Inna ta ƙare rayuwarta, ku kuka yi jinyarta. Ka san Baba ya taho da ni nan ina 'yar shekara biyar, bayan rabuwarsu. Yana raye bai bar ni na je ba. Da ya rasu na yi ta cewa bana, na yi ta cewa baɗi, aure ya zo, yara suka zo. Wannan karon na ƙudura in na haihu zan kawo mata jikarta, sai ga shi ina kwance a ɗakin jego aka kira ni aka ce ta rasu. Muryarta na sani, ta waya. Fuskarta ta ɓace mini tuntuni.

An ce ka taɓa ɗaukar ta hoto. In gaskiya ne, don Allah ka wanke mini shi babba. Ba a bango zan rataya ba, maigidana ba zai yarda ba. A akwati zan ajiye, in yara sun yi hankali in nuna musu. Jaririyar sunanta ta ci, muna kiran ta Ummi.

Ƙanwarka,
Maimuna

*

Unguwar Shanu, Kaduna
14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Maimuna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Hajiya na fama da gwiwa kamar kullum, Bilal ya yi zazzaɓi amma ya warware. Allah Ya raya Ummi, Ya sa ta gaji halin mai sunan.

Zan amsa miki bi da bi, haka na saba, in ba haka ba mantuwa nake yi.

Hoto akwai, amma guda ɗaya ne tak. Inna Hafsatu ba ta son kyamara. Duk sanda na ɗaga sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Zakari, ɗauke mini wannan ido naka na uku, je ka nemi amare." Wannan ma sata na yi. Ranar sunan Bilal ne, shekara uku ke nan, tana zaune a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a tsakar gida, wata ta faɗi abin dariya, ta juya tana dariya, na ɗauka daga nesa. Sabon mayafi ne a kanta, don sunan ta saye shi. Ba ta taɓa sanin na ɗauka ba. Har yanzu ina tambayar kaina ko na kyauta, amma da ban yi ba da yau ba ni da abin ba ki.

Na zauna na gyara shi a kwamfuta yadda na ga ya dace, na kai an wanke, ga shi nan cikin kwali biyu don kada ya lanƙwashe a mota.

Ba ki tambaye ni ba, amma ina ganin ya kamata ki sani. Ina da littafi da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, na koma na duba watannin jinyarta, kusan kowane shafi akwai sunanki. Wayarta a cikin gwangwanin madara take ajiye ta kusa da matashi, wai in kin kira ƙarar ta fi tashi. In hadari ya taso nan sai ta ce, "Ko an yi ruwa a Shagamu?" Ba ta taɓa cewa kin ƙi zuwa ba. Cewa take yi hanya ce ba kyau.

Ki sanar da ni in ya iso.

Yayanki,
Zakari

*

Sabo, Shagamu
2 ga Mayu

Yaya Zakari,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai Ummi da ke ɗan mura. Hoto ya iso, bai lanƙwashe ba. Allah Ya saka da alheri.

Yaya, matar nan kyakkyawa ce, amma wace ce? Ja ce jawur kamar balarabiya. Ni kuwa baƙa ce, ba ma wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Tun ina ƙarama, in na yi laifi, gwaggonnina cewa suke yi, "Baƙa kamar uwarta." Baba ma in ransa ya ɓaci sai ya ce, "Kin ɗauko baƙin uwarki kaf." Su zagi suke yi, ni kuwa ɓoye shi nake yi kamar kyauta. Ba ni da ɗan kunnenta, ba ni da zanenta, ban san tafiyarta ba. Amma in na yi wanka sai in kalli damtsena in ce, to, ga Inna nan. Da wannan na girma. Shi kaɗai na san na gada.

Ni tela ce, amare na kawo mini hotunan bikinsu in ga yadda ɗinkina ya zauna. Na san abin da ku masu hoto kuke yi. Yarinyar da na auna da hannuna, baƙa wuluk, sai ta dawo a hoto kamar an yi mata wanka da madara, ita da danginta suna murna. Ko irin wannan ka yi wa Inna, kana ganin gata ka yi mini? In ka yi, ba komai, ka mayar mini da ita yadda Allah Ya yi ta. In kuwa ba ka taɓa komai ba, haka take, to ka faɗa mini in sani.

Maimuna

*

Unguwar Shanu, Kaduna
19 ga Mayu

Ƙanwata Maimuna,

Bayan gaisuwa, ya jikin Ummi? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu lafiya, damina ta sauka sosai, rufin shago na ɗan yoyo ta gefe.

Wallahi ban yi niyyar ƙara wa Inna haske ba. Amma an ƙara, kuma da hannuna. Zan gaya miki yadda na gano.

Da na karanta takardarki sai na ɗauko kwafin da na rage wa kaina, na kara shi da allon kwamfutata. Ta allo ta fi ta takarda duhu. Na tura hoton a wayar Nusaiba, sai ga wata mata ta uku, leɓenta har wani shuɗi yake yi. Hoto ɗaya ne fa. Raina ya tashi, na je wurin Sharhabil, abokina tun sakandare, shi ke ɗaukar hoto a wata ma'aikatar gwamnati. Ya biyo ni shago, ya kalli allon, ya yi dariya ya ce, "Zakari, wannan ai ya tsufa kamar idon kakata. Tun yaushe kake aiki a kansa?" Ya ce fitilar cikin allo tana dusashewa a hankali, farinsa ya koma ruwan ɗorawa, mai shi ba ya lura don kullum yana gabansa. Kai kana ganin hoto ya yi duhu kana ta ƙara haske, alhali hoton lafiyarsa ƙalau, allon ne ya mutu.

Ya zo da wata 'yar na'ura mai igiya, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ya sa muka bar allon a kunne har ya yi ɗumi, muka goge ƙura, muka saki labule, muka kashe ƙwan lantarki. Ya rataya ta a fuskar allon. Allon ya riƙa canza kala shi kaɗai, ja, kore, shuɗi, sannan toka-toka daga fari har baƙi, ita kuma tana aunawa tana gaya wa kwamfuta inda ya kauce. Da ta gama na buɗe ayyukana na baya. Maimuna, duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagona ya koma fari fat. Na je wurin masu wankin hoto kuma, mai injin ya ce su ma ƙarawa suke yi ko ba a ce ba, don in ba su ƙara ba mata dawo musu da shi suke yi. Kin ga sau biyu aka haska Inna.

Na zaci shi ke nan, in koma asalin hoton da ban taɓa ba in wanke miki. Sai na tarar da wata matsalar. Rumfar sunan nan ta tamfol ce mai ratsin ja da ruwan ɗorawa, rana ta ratso ta ciki, kowa da ke ƙarƙashi ya yi ja, har farar rigar wani yaro. Sharhabil ya ce, "Na'urata allo take gyarawa, ba ta gyara rumfa." Ya ce sai in akwai wani abu a cikin hoton da muka san ainihin kalarsa, mu daidaita da shi, fuskar sai ta biyo.

Na ce ai ni na san ta. Na rufe ido in tuno, na kasa. Shekaru ina kai mata koko da safe. Na tuna tarinta, na tuna ƙarar silifas ɗinta, amma kalarta in na ce baƙa sai in ga kamar ba haka ba, kuma jinya ta sauya ta a ƙarshe. Nusaiba ta ce wankan tarwaɗa ce. Hajiya ta ce baƙa ce mana, can kuma ta ce, "A'a, da ƙuruciya dai ta fi ni haske." Saboda haka ba zan iya rantse miki cewa kalarku ɗaya ba. Ke ma ban san taki ba.

Abin da ya rage shi ne mayafin da ke kanta. An rabar da kayanta bayan bakwai, amma zan bi sawunsa.

Zakari

*

Unguwar Shanu, Kaduna
28 ga Yuli

Ƙanwata Maimuna,

Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan alhamdu lillahi. Hajiya na tambayarki.

Lawan ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Wannan zuwan ya tsaya a bakin shago ya ce, "Malam Zakari, ni goro na saba ɗauka, amma yau fushi na ɗauko maka, kuma ba a biya ni kuɗin mota ba." Ya ce a gabansa kika karanta takardata, kika ninke, kika koma kan keken ɗinki.

Ina rage kwafin duk abin da na rubuta, na ɗauko na karanta har na gaji, ina neman inda na ɓata. Ina jin layin nan ne da na ce ba zan iya rantsewa ba. In shi ne, ki gafarce ni. Idona nake zargi, ba ke ba. Mutum ne ni da ya yi shekaru yana sayar wa jama'a kalar da ba tasu ba bai sani ba, na ji tsoron in sake yi miki da baki.

Na samo mayafin. Hajiya ta ce matar da ta yi wa Inna wanka aka ba, kamar yadda aka saba, Malama Ummukulthum, matar Malam Ja'afaru mai makarantar allo a Kinkinau. Na tafi da Nusaiba ta shiga ta yi mini iso. Tsohuwar ta fito zaure da shi a kanta, ta ce, "Kai ne mai hoton? Wato sadakar da aka ba ni ka biyo ka karɓe?" Na rasa inda zan sa kaina, ita kuwa tana ta dariya. Ta ce tun da aka ba ta ba ta da na fita sai shi, da shi take zuwa karantar da mata, don duk wanda ya gan shi ya yi wa mai shi addu'a.

Amma Maimuna, ya koɗe. Inna ta sa shi shekara uku, Malama ma ta ɗora, wanki da shanya sun cinye shi. Yanzu fari-fari ne kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Nusaiba ta ce da ruwan toka ne, Hajiya ta ce shuɗi ne. In na daidaita hoton da shi a haka, wata ƙaryar zan sake aiko miki.

Da na ga haka sai na yi abin da bai kamata ba. Na ce, "Malama, ke ce ta ƙarshe da ta ga jikinta, inda rana ba ta taɓawa. Wace kala ce?" Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Ɗan nan, mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, mai kyau ko maras kyau. Da shi za a binne ni." Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta san ciwo ne ya sa.

Nan na tsaya. Allona ya gyaru, yanzu gaskiya yake nunawa, amma ba ni da gaskiyar da zan ba shi. Ko ba za ki amsa ba, ki aiko Lawan ya ce mini kuna lafiya.

Zakari

*

Sabo, Shagamu
9 ga Agusta

Yaya Zakari,

Muna lafiya. Ummi ta fara zama. A gaida Hajiya, a ce mata na gode.

Layin nan ne. Da na karanta sai na ji kamar ka ce ba ka da tabbacin ni 'yarta ce. Na san ba haka ka rubuta ba, amma haka ya shige ni, don a gidan da na tashi an sha jefa mini magana mai kama da wannan. Ka yafe mini, na bar ka kana ta wahala a kaina ina nan ina kumburi.

Kar ka sake tambayar Malama, ta yi gaskiya. Amma ka koma wurinta ka dubi bakin mayafin. In an kalmashe shi, wato an ninke bakin an ɗinke, to cikin ninkin nan rana ba ta shiga, sabulu ma kaɗan yake kaiwa. Kullum nake gani, a kawo mini tsohon zane in sake masa tsawo, in farke kalmasa in tarar da kalar ranar da aka saye shi tana kwance a ciki. Ka nemi izininta ka farke kamar tsawon taƙi ɗaya. Ka sami sabuwar reza, ka yi a hankali, zaren za ka yanke ba yadin ba.

Ko me ya fito ka aiko mini, na shirya.

Maimuna

*

Unguwar Shanu, Kaduna
6 ga Satumba

Ƙanwata Maimuna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Babu abin yafewa tsakaninmu. Muna lafiya, Hajiya ce dai gwiwar ta matsa mata da sanyin damina.

Akwai kalmasa, kuma ɗinkin hannu ne. Malama Ummukulthum ta ba ni aron mayafin na kai gida. Hajiya na gani ta ce ai Hafsatu ce ta yi abinta, ba ta kai wa tela, a ɗakinta take zama ta ja ƙyaure ta yi. Jin haka sai na ajiye rezar. Na yini ina jujjuya abin, ina cewa yaya zan yanke abin da hannunta ya ɗinka don in ga fuskarta. Ƙarshe na tuna ke kika ce a yi, kuma ke ce mai haƙƙi. Taƙi ɗaya na farke, ban ƙara ba.

Yadda kika faɗa haka na tarar. Ruwan toka ne mai ɗan shuɗi, irin na fiffiken tattabara. Nusaiba da Hajiya kowacce ta ce ai abin da ta faɗa ke nan.

Da hantsi na shimfiɗa shi a inuwar katanga, na ajiye farar takarda a gefe, na ɗauki wurin da na farke. A shago na saki labule, na jera hotunan biyu a allo, na riƙa janye jan rumfar nan da ɗorawarta kaɗan-kaɗan, ina kallon mayafin kawai, na hana kaina kallon fuskar don kada son raina ya shiga. Da mayafin hoto ya zama ɗaya da na cikin kalmasa, farar rigar yaron nan ma ta koma fara, sannan na ɗaga ido. Sai ga Inna. Abin da na kasa tunowa ina gani na gane shi. Na daɗe a zaune ban iya taɓa komai ba.

Wurin wankin hoto na tsaya a kan mai injin. Ya ce, "Oga, bari in ɗan taɓa mata kaɗan, za ta fi fitowa." Na ce in ka taɓa ka saya. Na kai wa Hajiya ban ce mata komai ba. Ta karɓa, ta matsar da shi kusa da taga, ta ce, "Hafsatu," kamar mai kiran ta daga ɗaki.

Da na mayar da mayafin Malama ta ƙi karɓa. Ta ce, "Kai wa 'yarta. Ni na mori rabona, kuma ka farke mini shi, wa zai fita da farkakken mayafi?" Ga shi nan tare da hoton.

Ban rubuta miki sunan kalar ba da gangan, na gaji da sa wa abu suna in kuskure. Ki duba da rana, a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma wannan karon zan iya rantsewa.

Yayanki,
Zakari

*

Sabo, Shagamu
11 ga Oktoba

Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Nusaiba da Hajiya da Malama Ummukulthum. Muna lafiya. Na yi jinkiri ne ba don fushi ba.

Na yi yadda ka ce. Na fita bayan shago inda inuwa take, na ɗora hoton a cinya, na naɗe hannun riga na kara damtsena da kumatunta. Ba ɗaya ba ne, Yaya. Wankan tarwaɗa ce, Anti Nusaiba ta yi gaskiya. Na juya hannun ciki da waje, na matsa rana, na dawo inuwa, na fi ta duhu nesa ba kusa ba. Baƙin Baba ne a jikina. Nasa ne, ya ɗora mata don ya sami abin zagi, ni kuma na rungume shekara talatin ina ce masa Inna.

Ba na son ka ji ciwo. Ni na roƙa, ka ba ni gaskiya. Tana da kyau, kuma dariyar nan ta dace da muryar da na sani. Amma na yi kwanaki ba na son kallon jikina in ina wanka.

Mayafin ban buɗe shi ba sai shekaranjiya. Na ɗauko ne in ɗinke inda ka farke in ajiye. Na zura zare, na juya kalmasar in ga yadda ta kama don in bi, sai na tsaya. Mai ɗinki da dama daga dama yake farawa, zarensa ya kwanta gefe guda. Wannan daga hagu aka faro, zaren ya kwanta ɗaya gefen, tun daga farko har ƙarshe. Duk Sabo ban san mai kalmasa haka ba sai ni. Inna bahaguwa ce.

Na san ba ku sani ba, kuma ba laifinku ba ne. Ni ma wanda ya gan ni ina cin abinci ko ina miƙa kuɗi ba zai sani ba. An dake ni har na koyi yin komai da dama a gaban mutane, allura da alƙalami ne kawai suka ƙi. Ka ce ƙyaure take ja in za ta yi ɗinki. Ni ma har na yi aure a ɓoye nake yi. Ashe ita ma an dake ta.

Duk kiran da muka yi a waya, ruwa muke tambayar juna da lafiyar yara. Da na ce mata sau ɗaya ni bahaguwa ce, da mun sami abin dariya tare.

Ka adana hoton a kwamfutarka yadda yake, kar wani ya sake taɓa shi. In an yi hutun makaranta zan zo da yaran mu gaida Hajiya, ka kai ni kabarin. Wannan karon ban ce baɗi ba, na riga na gaya wa Lawan. Ummi ta fara miƙa hannu tana ƙwace abu. Ba na gyara mata, ko da wanne ta miƙo ba ta nake yi.

Na ɗinke wurin. Na fara daga inda zarenta ya tsaya, na bi ramukan allurarta ɗaya bayan ɗaya. Na ba maƙwabciyata, ita ma tela ce, na ce ta nuna mini inda Inna ta tsaya da inda na ɗauka. Ta juya, ta juya, ta kasa.

Ƙanwarka,
Maimuna Hafsatu